Ƙwayoyin da Suka Daina Gaisawa

A tashar Wudil, wani ɗalibi mai gilashin gayu ya ga wata tsohuwa tana shan ruwa a jarkar maganin feshi.

"Inna, guba ce fa!"

"Na wanke ta da toka, ɗan nan."

"A kimiyyance, ƙwayoyin jikinki hira suke da juna. Guba ta toshe musu kunne, sai ɗaya ta yi ta hayayyafa, ba mai ce mata ya isa. Shi ne ƙari, wato ciwon daji."

"Hira? Kamar maƙwabta ta kan katanga?"

Ta lumshe ido, ta dafa wani kullutu a gefen ƙirjinta.

"Shi ya sa unguwar nan ta yi tsit tun damina. In na yar da jarkar, za su shirya?"

Ya cire gilashin, ya yi ta gogewa.