Darbejiyar Mai Faci

A tashar mota, wani baƙo ya miƙa hannu zai karya reshen darbejiya, sai mai faci ya ɗago.

"Malam, in asuwaki kake so, ga wuƙa. Ba a karya mata reshe."

"Taka ce?"

"Ni na dasa ta, ko gwiwata ba ta kai ba. Da ruwan bahon facina na raine ta. Dube ta yau! Ganyenta magani, inuwarta ta kowa."

Baƙon ya sunkuyar da kai. "Baba, ni fa aka turo in sare ta. Shaguna za a gina."

Mai faci ya tura masa benci.

"Zauna ka sha inuwa tukuna, ɗana. Ba ta taɓa korar kowa ba."