Ƙafar Hajiya Asiya da Tukunyar Adas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, Baba Alhaji Garba. Limamanmu da malamanmu. Dattawan unguwanninmu na nan Makka, na Hindawiyya da na Tandabawi. 'Yan unguwar Shisha da suka iso a makare kamar kullum suka ɗora wa mai tasi laifi. Iyayenmu mata da ke saurare daga bayan labule. Samarin da ke can baya, waɗanda Hausarsu ba ta wuce "ina wuni" ba. Ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya ga kwamitin zumunci da ya ba ni wannan dama, kuma na san dalili. Duk shekara ni Hudaifa ake miƙa wa lasifika kafin a kawo abinci, in kwaikwayi tafiyar baffanmu Ammu Mukhtaru, in kwaikwayi tarin ladan, a yi dariya ciki ya buɗe. Ga shi ban ce komai ba har kun fara. Ku yi ku gama, zan jira.

Kakata Hajiya Asiya, wadda nake kira amaryata, tana kwance a gida. Ciwon suga ya ci mata yatsu biyu a ƙafar hagu. Likita ya ce in sugan bai sauka ba gyambon ba zai rufe ba, in kuwa bai rufe ba daga gwiwa za su yanke. Wannan ƙafar ce ta yi shekaru tana kai ta Harami tana dawo da ita ba tare da ta tare mota ba.

Maganata ta farko a kan abinci ce. Maƙwabcinmu Ammu Abdurrazak, tela ne mutumin Haidarabad ta Indiya, ya daɗe da wannan ciwo, kuma har yau da ƙafafunsa yake taka kekensa. Shi ya zaunar da ni a bayan shagonsa ya koya mini girkin garinsu. Ni ban wuce allo ba, don haka na tambayi likita, ya ce a yi, amma kada a bar magani. Akwai dal, wato adas, ɗan ƙaramin waken nan, da aka dafa da kurkum da tafarnuwa har ya narke. Yana gina jiki, yana riƙe ciki, ba ya harba suga sama kamar farar shinkafa. Akwai capati, gurasa ce siririya ta garin alkama da ba a raba shi da dusarsa ba. Akwai raita, kindirmo ne da kokwamba da ɗan gishiri, babu sukari ko ƙwaya. Akwai kuɓewa da suke soyawa da ɗan mai kaɗan, akwai alayyahu, akwai ganyen hulba. Ya jama'a, in kun cire sunayen, wanne ne baƙo a nan? Kuɓewarmu ce, alayyahunmu ne, hulbar da iyayenmu ke sha ce.

Magana ta biyu: Hajiya ba ta cin girkin. Ranar da na fara kai mata, ta leƙa kwanon, ta dube ni, ta ce, "Kai ɗan nema, me ka zuba a ciki?"

Na ce, "Amarya, lafiyarki na zuba."

Ta ce, "Mijin da ya taɓa sa mini gishiri a shayi? Ɗauke. Abincin da mutanen Annabi Musa suka roƙa aka yi musu faɗa, shi za ka kawo mini a garin Makka?"

Na ci cokali a gabanta, ta ce ai ni ko dutse zan haɗiye don in ga ta yamutsa fuska. Na rantse, ta yi dariya har da hawaye. Tun ina rarrafe muke wasan jika da kaka, ba mu taɓa yin wata magana ba sai da wasa, yanzu kuwa da nake neman hanyar da zan yi mata magana ta gaske, na duba na rasa.

Magana ta uku, ita ce mai nauyi, kuma ku yafe mini, da ku nake. Mu mutane ne masu dubiya, ba ma zuwa hannu sake. Wannan ta zo da kabsa, shinkafa da nama, waccan da basbusa mai sukari, wata da dabino cike da kwali, wata da shayi mai zaƙin da cokali zai tsaya a ciki. Kuma ba a ajiyewa a tafi, sai an zauna, sai an buɗe, sai an ce, "Hajiya, ko loma ɗaya, don ni." Ita kuma ta gwammace a yanke ta da a ce ta mayar da hannun baƙuwa. Loma ɗaya don ke, loma ɗaya don waccan, haka daga azahar har isha'i. Da ƙauna kuke kawowa, na sani. Da ƙauna aka cire yatsa na farko, da ƙauna aka cire na biyu. Na tsaya a ƙofa na roƙi Hala Rabi'atu, aminiyarta, ta bar tiren a waje. Ta ja mini kunne ta ce, "Yau kuma sabon wasan ke nan?" Ta wuce.

Ba na roƙon ku daina zuwa, don ranar da ba ta ga kowa ba ciwon ya fi tashi. Abin da nake roƙo ƙarami ne: mace ɗaya sa'arta, wadda ba ta taɓa yi mata wasa da abinci ba, ta zo ta zauna ta ci dal a gabanta, ta ce, "Ko loma ɗaya, don ni." Daga hannuna ba za ta karɓa ba har abada. Daga hannunku ba ta iya ƙi.

Tukunyar dal da kuka wuce a bakin ƙofar nan, ni na dafa. Ina tsaye ina kallonku. Kowa ya ɗaga murfi, ya shinshina, ya yi murmushi ya ce wa na bayansa, "A yi hankali, ta Hudaifa ce." Har yanzu ludayin a bushe yake. Wallahi ban san yadda ake sa mutane su yarda ba. Wannan ne kaɗai ban iya kwaikwaya ba.

Allah Ya albarkaci wannan taro, Ya ƙara mana zumunci, Ya jiƙan iyayenmu da suka taka ƙasa da ƙafa har suka iso wannan gari. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah Ya bar wa amaryata ƙafarta. Ga farantan kabsa can sun shigo, na ga idanunku sun bar kaina.

Na gode.