Yatsa Huɗun da Suka Rage a Kwandonmu

Assalamu alaikum. Shugabar taro, Hajiya 'Yardada. Dattawan Zaitawa da Goron Dutse. 'Yan wasan Shaho da magoya baya, ina gaishe ku. Na gode da kuka zo, ko da yake kujeru sun fi mu yawa.

Da yawanku na cewa 'yan wasanmu sun lalace, wasu kuma na cewa a da asiri muke yi. Ni ne mai horar da su, kuma ba ko ɗaya daga ciki ba ne.

Marigayi Alhaji Isiyaku, mahaifin Hajiya, shi ya kafa ƙungiyar nan ta ƙwallon kwando. Ɗan kasuwar yadi ne, bai yarda da awon kowa ba sai kamun hannunsa. Ranar kafa ƙarfen kwando, mai walda ya fito da tef ɗin awo, Alhaji ya ce, "Mayar da igiyarka, Malam. Hannun nan ya auna alkyabbar manya, ƙarfe ne zai gagare shi?"

Allah ya jiƙansa, gajere ne.

Shekara ashirin da shida muna ci a gida, muna shan kashi a waje. Mun zargi alƙalan wasa, mun zargi mota, har tuwon Jos mun zarga. Sai bana masu duba filaye suka auna, suka tarar tsayin kwandonmu ya gaza ƙa'ida da yatsa huɗu. Aka ɗaga shi.

Tun daga nan Abdulhakeem, kyaftin ɗinmu, wanda ke jefawa ido rufe, sai ƙarfe yake duka. Ya ce mini, "Koci, hannuna ya haddace ƙarya." Kullum bayan asuba yana jifa ɗari uku yana gyara ta. Na gaji, ya gaji, mun gaji da ihun da ake yi mana a Ƙofar Ɗan Agundi.

Wasa biyu suka rage. In muka faɗi duka, mun fita daga babbar gasa, 'yan wasan nan kuma su watse zuwa wasu garuruwa. Roƙona ɗaya: ku cika kujerun nan ranar Asabar.

Allah ya gafarta wa Alhaji, ya ƙarfafa hannun 'yan wasanmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Kafin ku tashi, ga ƙwallo, ga kwando a tsayinsa na gaskiya. Duk wanda ya taɓa yi mana ihu, ya zo ya jefa sau ɗaya. Hajiya ta ce ita za ta fara.

Na gode.