Ɗiyar da Na Ɓoye Shekara Shida

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Sunana Bitrus, mutumin Zuru, ina aikin gandun daji a Kebbe. Abin da zan faɗa da kunya, amma dole in faɗa.

Shekarar da aka ba mu sabuwar jihar Sakkwato, ɗiyata Rifkatu tana da shekara uku ta yi baƙon dauro. Ta warke, amma ta rame, ba ta shan komai sai kunu. Sai bakinta ya fara wari. Matata Saratu ta ce mu kai ta asibiti. Na ce zafin haƙori ne, zai wuce. Kafin mako ya zagayo, baƙin tabo ya fito a kuncinta, ya huje. Da muka isa Tambuwal, malamin asibiti ya ce zaizayar baki ce, da mun zo da wuri da allura ta tsayar da ita.

Ta rayu. Amma ana ganin haƙoranta ta kunci, muƙamuƙinta kuma ya daskare.

Ni ubanta, kunyarta na riƙa ji. In baƙi suka zo, sai in ce ta shiga ɗaka. Sujada a coci ma ba na zuwa da ita. Shekara shida ina haka!

Wata Kirsimeti na kira mai hoto, na jera iyalina ban da ita. Da ya tafi, ta zo ta riƙe gefen rigata, tana magana da ƙyar: "Baba, ni ba ɗiyarka ba ce?"

Na zagaya bayan rumbu, na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, ba fuskarta ce ta lalace ba, zuciyata ce. Ka gafarta mini, ka nuna mini inda zan kai ta."

Washegari na ɗauke ta a kan keke, fuska a buɗe, muka ratsa kasuwa. Maƙwabcina Malam Sani, limamin unguwarmu, ya tsayar da ni. Ya ce, "Yau ka kyauta, Bitrus. Ɗan ƙanena ma haka ya yi, can Zariya anka gyara shi. Bari in haɗa ka da ubanai."

Da taimakonsa muka kai ta asibitin Zariya, sau uku aka yi mata aiki. Likitoci suka ɗebo fata daga ƙirjinta suka rufe kuncin, suka saki muƙamuƙin. Ranar da aka kwance bandeji, ta buɗe baki a hankali ta ce, "Baba, gasasshiyar masara nika so." Saratu ta fashe da kuka, ni kuwa na fita a guje neman masara. Halleluya!

Tabon yana nan, amma tana ci, tana dariya, ta shiga makaranta. Na gode wa Ubangiji.

Iyaye, in bakin yaro ya fara wari bayan ciwo, ku yi addu'a kuna kan hanyar asibiti. Wanda kuma nasa ya riga ya huje, kada ya fid da rai, akwai gyara. Ku dogara ga Allah. Rifkatu ce za ta karanta mana Zabura yau, ku ji da kunnenku. Amin!