Ranar da Aka Kulle Mudathir

A tashar kan iyakar Jibiya, ana jiran mota ta cika, wani dattijo yana ta yi wa matar da ke gefensa mita.

"Wai kula da yara masu nakasa har gida! Ƙarya ce, Hajiya. Ɗana Mudathir shekara tara yana jan ciki, ba wanda ya duba shi a Gangara."

"Gangara? Ai ƙanwata na cikin masu zagayen. Gida-gida suka bi."

"Sau ɗaya suka zo! Shi ma ranar da dangin mai neman ɗiyata suka cika zaure."

"To, me ka ce masu?"

"Me zan ce gaban baƙi? Na ce yarana duk lafiya lau."

"Yaron fa?"

"Na kulle shi ɗaki mana."

Matar ta janye jakarta daga kusa da shi.

"Su dai sun yi sallama, Malam. Makulli na aljihunka kake zagin gwamnati?"