Sunan Ɗan Farina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, maza da mata, har da masu gyangyaɗi can baya. Ina ganinku, ku tashi.

Ni ban yi karatu ba, kuma ba mai yawan magana ba ce. Kun san dā giya nake dafawa a ƙauyenmu na bakin dajin Falgore, ina yanka wa iskoki kaji. Ubangiji ya raba ni da wannan tuni. Yau labarin wani ɗauri zan ba ku, wanda har aka yi mini baftisma ban san ɗauri ba ne.

Ina da ɗan fari. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ni kuwa na riƙe wannan kunya fiye da kowa. "Wancan" nake ce masa. In na zuba masa tuwo, ƙanwarsa ke miƙawa. Ya girma ya gaji ubansa a harbi, har ya zama babu mai bin sawun dabba kamarsa daga nan zuwa Doguwa. Ina ji ana faɗa, ina kau da kai.

Sai wani Bature maharbi ya sauka a Kano da jirgin sama, ya zo Tudun Wada neman mai nuna masa daji. Aka haɗa shi da wancan. Suka yi rani guda tare. Da Baturen zai wuce garin Fallomi, can gabas a ƙasar da Faransawa ke mulki, harbin giwa, ya ce ba ya tafiya sai da shi. A jirgin sama, jama'a! Yaron da ko jirgin ƙasa bai taɓa hawa ba.

Ranar shiri a tsakar gidana ya baje kayan. Ina bayan zana ina tsintar wake, idona na kansa. Ya kwance bindigogin nan, ya shafe su da mai, ya kwantar da su a dogon akwati. Harsashi kuwa ya zuba a wata gwangwani dabam ya kulle.

Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, me ya sa ka raba su? In giwa ta taso muku a sama fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai shashasha ce. Masu jirgi ba sa yarda bindiga da harsashi su kwana akwati ɗaya. Sai an duba, an ga cikinta wayam."

Da ya gama ya zo ya durƙusa a bakin zana. Ya ce, "Inna, zan tafi."

Na ce, "To."

Ya daɗe a durƙushe. Ban ɗaga kai ba. Ya tashi, na ji takunsa har ya ɓace. Waken nan ban san abin da na tsinta a ciki ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, babu labari. Wayyo, 'yan'uwa! Abinci ya ƙi shiga. Na rame har zanena yana zagaya ni sau biyu. Ko ƙarar tsawa na ji daga nesa sai in fito in duba sama. Mutane suna cewa ciwon ciki ne, ana kawo mini saiwa. Wa zan gaya wa cewa ɗana nake so? Bakin da bai taɓa kiran sunansa ba?

Ina addu'a, amma yaya? "Ya Ubangiji, ka tsare wancan." Shi ke nan.

Wata ranar Laraba da hantsi Saratu, matar mai wa'azinmu, ta same ni kwance a inuwar rumbu. Ta ce, "Inna, mu yi addu'a. Amma yau ke za ki faɗa wa Ubangiji sunansa."

Na harare ta. Na ce, "Ke yarinya, Allah bai san sunansa ba ne sai na tuna masa?"

Ba ta ji tsoro ba, ita da kowa ya san ina iya korarta da muciya. Ta ce, "Ya sani. Amma Inna, ranar da aka yi wa Yesu baftisma a kogi, wa ya yi magana daga sama a gaban taro, ya ce ɗansa ne, yana ƙaunarsa? Shi ma fa ɗan fari ne. Uban bai ji kunya ba."

Maganar nan ta soke ni. Na tuna akwatin bindigogin nan da gwangwanin harsashi. Ashe haka na rayu: ƙauna a kulle wuri guda, baki a wani wurin, wayam.

Na durƙusa. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sai na ji kaina na ce, "Ya Yesu, Nomau. Nomau ɗana." Kukan da ban yi ba ranar haihuwarsa, a ranar na yi shi. Da yamma na ci tuwo malmala biyu. Halleluya!

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau bai dawo ba. Amma bayan girbi maƙwabcinmu Alhaji Sule, wanda ya dawo daga Makka ta hanyar ƙasa, ya yi sallama a ƙofata. Ya ce ya ga ɗana a kasuwar Fallomi, lafiya lau, yana ta tambaya ko Inna na nan da rai, wai daddawar can ba ta kai tata ba.

Na dafa sabuwa, tana nan a tukunya a rufe. Kullum da safe ina kiran sunansa gaban Ubangiji, ina duba gabas.

Na gode wa Yesu da ya kwance bakina tun ina da numfashi. Ku dogara gare shi, ku kai masa abin da kuka ɓoye, da sunansa. Ranar da ya dawo mini da Nomau, a ƙofar gida zan tsaya in kira shi da ƙarfi. Mai dariya ya yi. Amin.