Jan Fenti da Sabon Birki

A bencin wani gareji a Sabon Gari, shekarar ƙarin albashin Udoji, Malam Isyaku na jiran a gama masa gyaran babur, sai wani alhaji da bai sani ba ya zauna kusa da shi.

"Malam, ka ga koriyar motar can? Ta marigayi mahaifina ce. Kowa na sayen sabuwa, ni na ce ita zan gyara."

"Ta yi kyau, Alhaji. Har durom ɗin birki aka yi wa jan fenti?"

"Ai fentin ne ya fara kawo ni! So nake ja ya riƙa leƙowa ta cikin wili. Amma Sammani bakanike ya rantse ba zai shafa ba sai ya sa mini manyan durom da sababbin takalman birki. Na yarda dole, amma na zage shi tas."

"To, me ya dawo da kai?"

"Ranar Juma'a a Rijiyar Lemo wata tsohuwa ta faɗo titi da ƙwaryar fura a ka. Ina takawa mota ta ƙame. Da tsohon birki ne, da yanzu ana zaman makoki."

Isyaku ya juyo. "Mai shuɗin mayafi? Ƙwaryar ta fashe?"

"Kana wurin ke nan?"

"Gwaggona ce, Ma'u, ita ta raine ni. Tun ranar take yi wa mai koriyar mota addu'a. Alhaji, Allah ya saka..."

"A'a, Malam, ni ado na nema. Wanda ya cancanci addu'ar Sammani ne, ga shi can kwance ƙarƙashin mota. Tashi ka raka ni in ba shi haƙuri, kunya ta hana ni zuwa ni kaɗai."